Kek ɗin Shekarar da Ba a Yi Haɗari Ba

Noreen Haskell tana shanya ƙyallayen 'yarta a bayan gida lokacin da Madam Brandt, matar kwamanda, ta tsayar da mota a bakin shinge ta danna ham. Ko saukowa ba ta yi ba, kai kawai ta leƙo ta taga.

"Noreen, 'yar albarka, ke nake nema. Ranar Asabar za a ba rundunarmu lambar yabo, an sake cika shekara ba a yi haɗari ko ɗaya ba. Ke za ki yi mana kek. Irin na bara dai, mai 'yan jirage a kai. Har yau maigidana bai daina zancensa ba."

Noreen ta tsaya da jiƙaƙƙen ƙyalle a hannu, ruwa yana ɗiga a kan takalminta. "Ba a yi haɗari ba, Madam?"

"Ko ɗaya. Babban baƙo zai zo daga hedikwata, ki ƙara girmansa kaɗan."

Motar ta wuce. Noreen ta matse ƙyallen ta rataye shi a igiya.

Kek ɗin bara ita ta yi shi, ta kwana biyu tana murza 'yan jirage da sukari, guda goma sha biyu, daidai da jiragen yaƙin rundunar mijinta. Aka yanka shi da takobi kamar yadda aka saba, aka tafa, aka ɗauki hoto. Bayan haka babban jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama ya kwashe su daga San Diego ya nufi yaƙin Vietnam. Da ya dawo, jirage uku babu su. Kowane jirgi mutum biyu ne a ciki, matuƙi a gaba da mai kula da na'urar hangen jiragen abokan gaba a baya. A cikin mutum shidan nan ɗaya kaɗai aka tsamo da rai daga teku, shi ne Lyle, mijinta. Matuƙinsa, Vern Pruitt, bai fito ba. Noreen tana tsaye a wannan wurin shanyar ranar da baƙar mota ta shigo layinsu a hankali, da hafsa da fasto a ciki, kowace mace ta manne da tagarta tana roƙon ta wuce. Ta wuce gidan Noreen da ƙofa ɗaya, ta tsaya a gidan Arlene Pruitt, matar Vern. Yanzu wasu ne a gidan, sun fente shi kore.

Da yamma Lyle ya dawo tare da sabon matuƙinsa, Curtis Yoder, wanda kowa a sansanin yake kira Ɗan Tsako saboda siririn wuyansa. Ya cire hula tun daga ƙofa, ya gaishe ta har da sunkuyawa.

"Zauna, Ɗan Tsako," in ji Noreen. "Ban ga alamar ana ba ka abinci a barikin nan ba."

"Ana ba shi," in ji Lyle. "A wuya yake maƙalewa."

Ta zuba musu dankali da nama. 'Yarsu Dottie tana kan doguwar kujerarta tana buga cokali. Noreen ta jira sai da suka fara ci.

"Lyle, yaya aka yi shekarar da muka yi jana'iza biyar ta zama shekarar da ba a yi haɗari ba?"

Lyle bai ɗago ba. "Wanda aka harbo ba haɗari ba ne. Asarar yaƙi ce, lissafinta daban. Haɗari shi ne ka lanƙwasa fiffike a gida, ko taya ta fashe maka wajen sauka."

"Wato Vern ba ya cikin lissafi."

"Ba ya cikin wannan."

Curtis ya so ya gyara zancen. "Ai shi ya sa aka buɗe makarantar nan, Madam Haskell. Da za a bar mu mu je..."

"Ci abincinka," in ji Lyle.

"Wace makaranta?" in ji Noreen.

Curtis ya dubi Lyle, ya dube ta, ya ga wanda ya fi tsoro a cikinsu. Ya ajiye cokali. Wai wasu matuƙa ne 'yan kaɗan da suka dawo daga yaƙin ransu a ɓace, suka samo wata tsohuwar tirela, irin ɗakin nan mai taya, da ba a san mai ita ba, suka sa aka ɗauko ta da ƙugiya aka dire a gefen rumfar jirage. Allo da alli kawai gare su a ciki. Su malaman sukan hau ƙananan jirage masu saurin juyi irin na abokan gaba, su kai ɗalibai saman teku su yi ta kokawa da su, kusa da kusa, har kana ganin hular mutum. In an sauka a shiga tirela a zana duk abin da ya faru, ba ruwan kowa da girman muƙami. Yana magana hannayensa sun tashi sama, tafin dama yana bin na hagu, agogonsa yana sheƙi. Dottie ta saki cokali tana dariya.

"An ce kowace runduna ta aiko jirgi ɗaya da mutum biyu," in ji shi. "In sun koyo su dawo su koya wa sauran. Kwamanda ya ce shi ba zai aika ba."

"Saboda me?"

Lyle ya ture faranti. "Saboda irin wannan kokawar ana lanƙwasa jirgi. Wani lokaci ma a yi karo. Jirgi ɗaya ya lalace, lambar yabo ta tafi. Shi kuma yana jiran ƙarin girma."

Noreen ta juya ga Curtis. "Kai, tsaya. Tun da kake tuƙi, ka taɓa yin wannan abin da hannayenka suke yi? A sama, da jirgi na gaske?"

"An hana, Madam. An ce zamanin wannan ya wuce, makami mai linzami ne zai yi aikin tun daga nesa. Ko bindiga ma ba a sa wa jirginmu ba. In aka kama ka kana kokawa da wani sai a zaunar da kai a ƙasa."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"Kuma kai za ka ɗauki mijina a bayanka zuwa yaƙi wata mai zuwa."

Kunnuwan Curtis suka yi ja. Bai jira kayan zaƙi ba, ya ce yana da aiki a bariki.

Da ƙofa ta rufu Lyle ya tashi tsaye. "Me ya yi miki? Yaron kirki ne, hannunsa yana da kyau."

"Vern ma hannunsa yana da kyau."

Tun dawowarsa Lyle bai taɓa ba ta labarin ranar ba, ita ma ba ta tambaya ba, domin matan layin nan ba sa tambaya. Yanzu ya jingina da firij ya faɗa mata, muryarsa a bushe. Wani ɗan ƙaramin jirgi ne, tsohon yayi, ya ɓullo daga ƙasansu. Makaminsu ya ƙi kama shi don ya yi kusa da yawa. Lyle yana waiwaye yana ihu, juya, juya, yana bayanmu. Vern ya juya, amma irin juyin da aka koya masa, a hankali, kada fiffike ya wahala. Jirgin yana iya fin haka nesa ba kusa ba. Vern bai sani ba, don ba a taɓa barin sa ya gwada ba.

"To ka je ka faɗa wa kwamanda haka."

"Na faɗa. Ya ce ya ji."

"Ka sake faɗa."

"Noreen, soja nake. An ce a'a, shi ke nan." Ya nuna ta da yatsa. "Kuma ki ji ni da kyau, na san wannan kallon naki. Kada ki sa baki. A nan bakin mace yana iya nutsar da mijinta. Ki yi musu kek ɗinsu."

"Ni da 'yarka fa? Mu zauna a taga muna jiran mota?"

"Kowa ma haka yake zaune."

Ta ɗauki farantin Curtis ta kife shi a wurin wanke-wanke da ƙarfi har ya tsage. Dottie ta fashe da kuka.

Duk da haka Noreen ta fara bin hanyar da ta dace. Washegari ta tari Madam Brandt a kantin sojoji, tsakanin gwangwanayen madara, ta yi mata magana da ladabi. Madam Brandt ta saurara har ƙarshe, sannan ta dafa mata hannu.

"'Yata, ni ma nawa mijin yana cikin jirgin ruwan nan da zai tashi. Shekara goma sha tara ina tsayuwa a taga. Abin da ya riƙe ni shi ne ban taɓa shiga maganar tuƙi ba. Mu namu gida ne da yara. Ki je ki sayi sukarinki."

Noreen ta sayi sukarin. Ta gasa kek babba, ta shafe shi da shuɗi kamar teku. Ta zauna ta murza jirage ɗaya bayan ɗaya, Dottie tana jan siket ɗinta. Da ta kai na tara sai ta wanke hannu. Ta jera su sahu uku kamar na bara, kowa a gurbinsa. A gurabe ukun da suka rage ta sa cokali ta kwashe shuɗin har cikin kek ɗin, ta bar ramuka uku a buɗe. Ta rufe shi da babban kwali, ba ta bar Lyle ya gani ba.

Ranar Asabar an share rumfar jirage tas, an jera kujeru. Maza sun sha fararen kaya, mata sun sa huluna da safar hannu. Babban baƙon tsoho ne mai taurari biyu a kafaɗa, fuskarsa duk ta ƙone da rana. Ya yi jawabi, ya miƙa wa Kwamanda Brandt allon tagulla, aka tafa. Sai aka zo yankan kek. A al'ada babban baƙo da hafsan da ya fi kowa ƙuruciya su ke kama takobi tare, don haka aka kira Curtis. Noreen ta zo da kanta, Dottie a kan ƙugunta, ta ɗage kwalin.

Waɗanda ke gaba suka yi tsit. Na baya suka miƙa wuya.

Tsohon ya sunkuya ya duba. "Sukari ne ya ƙare miki, 'yata?"

"A'a, ranka ya daɗe. Sukari yana nan. Jiragen ne suka ƙare. Bara goma sha biyu na yi, da hannuna. Tara suka dawo. Ban iya yin ƙarya da abinci ba."

"Lyle," in ji Kwamanda Brandt a hankali, "matarka ba ta jin daɗi. Kai ta gida."

"Lafiyata ƙalau, yallaɓai." Ta ƙara ɗaga murya. "Wannan ramin na Vern Pruitt ne. Mijina yana zaune a bayansa. An ce mini ba haɗari ba ne, to na yarda, ni ban yi karatun soja ba. Amma ga wanda zai ɗauki mijina wata mai zuwa, takobi a hannunsa. Ranka ya daɗe, tambaye shi sau nawa ya taɓa karawa da wani jirgi a sama."

Tsohon ya juya ga Curtis.

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

Brandt ya ajiye allon tagullar a kan tebur. Fuskarsa ta yi jawur, amma bai ɗaga murya ba. "Madam Haskell, kin san abin da kike nema? Waɗancan mahaukatan na tirela jirage suke tunkarar juna da su, gaba da gaba. In na ba su mijinki suka yi karo da shi ranar Talata, ni ne zan shiga baƙar motar nan in zo ƙofarki. Ni na rubuta wa uwar Vern. Ni na tattara kayansa. Kina tsammani don wannan ƙarfen nake hana su?"

"Ban san don me kake hana su ba, yallaɓai. Na dai san hanin bai tsare kowa ba. Ka ajiye su a gida lafiya lau kamar ƙwai, ka kai su can aka fasa. In mijina zai koyi abin nan, gara ya koya a nan, a hannun mutanen da za su sauko su sha giya da shi. Can wanda zai koya masa ba ya ba da dama ta biyu. Arlene ko takalmin mijinta ba a kawo mata ba!"

Dottie ta tsorata da ihun, ta fashe da kuka. Ba wanda ya motsa. Lyle ya zo ya kama gwiwar hannun Noreen, riƙon da ya bar mata shaida har kwana biyu.

Tsohon ya daɗe yana kallon ramukan. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Brandt, na ga sunayen rundunonin da suka aika mutane makarantar nan. Ban tuna na ga taka ba. Wataƙila idona ne." Ya ɗora hannu a kan na Curtis. "Riƙe da kyau, ɗana. Mu yanka, mutane suna jin yunwa."

Aka yanka. Ba a tafa ba. Yawancin faranti an bar su a kan kujeru.

Lyle ya tuƙa su har layinsu. Ya kashe injin, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Kin san abin da kika yi? Kin gama da ni. A gaban kowa. Gobe duk sansanin nan za a ce Haskell matarsa ce take masa yaƙi."

"Su ce."

"Ba zan taɓa samun runduna tawa ba. Kin gane? Shi ke nan."

"Ni ban auri runduna ba," in ji ta, ta ɓalle Dottie daga kujera. "Ka yi fushi da ni har ka tsufa. Abin da nake so ke nan."

Ranar Litinin Brandt ya kira Lyle da Curtis ofis. Ya ba su jirgin da ya fi kowanne tsufa a rundunar, wanda mai yake yoyo a cikinsa, ya ce su tafi tirela tunda ita suke so. Ya kuma gaya wa Lyle ƙarara cewa kada ya sa rai da wata kalmar yabo daga gare shi idan lokacin ƙarin girma ya zo. Matan layin suka daina kiran Noreen shan shayi. In ta fito shanya, maƙwabciyar da ke gidan kore sai ta tuna tana da abu a wuta. Wata kaɗai, matar wani mai zaman baya kamar Lyle, ta ajiye mata kwanon miya a bakin ƙofa ta gudu ba ta ƙwanƙwasa ba.

Noreen ta samu abin da ta nema, sai ta ga ba sauƙi a cikinsa. Kullum da hantsi jirage sukan tashi su nufi teku, tagogi su yi ta karkarwa. A da ba ta ko ɗaga kai. Yanzu ta san abin da suke zuwa yi, ta kuma san wanda ya tura mijinta cikinsu. Maganar Brandt ta ƙi barin kunnenta. Duk baƙar motar da ta kunno kai layin, ko ta mai sayar da inshora ce, sai ta ruga taga.

Lyle ya kwana huɗu ba ya mata magana sai ta hannun Dottie. "Gaya wa mamanki ina son gishiri." A rana ta biyar ya shigo wuyansa a sandare, ba ya iya waiwaye sai ya juya da jikinsa duka. Da ya cire riga ta ga damatsansa sun yi ɗigo-ɗigon ja saboda matsin juyi. Ya zube a kujera. Ta ɗumama tawul ta ɗora masa a wuya.

"Sau shida aka kashe mu yau," in ji shi, idonsa a rufe. "Wani gajere mai gashin baki, a cikin jirgin da bai kai rabin namu ba. Ya sauko yana cin gyaɗa, ya zana mana a allo inda muka mutu, ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Tsako har amai ya yi." Ya buɗe ido. "Na uku ɗin, daidai yadda aka yi wa Vern ne. Daidai. Akwai mafita, Noreen. Sama ake yi, ba gefe ba. Jirginmu ya fi nasu ƙarfin hawa. Ba wanda ya taɓa gaya mana."

Ta ci gaba da danna tawul ɗin.

Daga ranar, abin da take fara tambayarsa ke nan a bakin ƙofa, kafin sannu da zuwa. Sau nawa yau? Ya ce biyar. Ya ce huɗu. Wata rana ya koma shida, ya shiga ɗaki ya buga ƙofa. Tsohon jirgin ya lanƙwasa wani ƙarfe a fiffike, aka rubuta shi a matsayin haɗari, na farko a rundunar, aka ce Brandt ya cire allon tagullar daga bango da kansa.

Ana saura 'yan kwanaki jirgin ruwa ya tashi, Lyle ya dawo da Curtis. Tun daga mota ake jin muryarsu. Curtis ya shigo ko hula bai cire ba, hannayensa a sama.

"Madam Haskell! Mun kama mai gashin bakin! Na hau sama, ya biyo ni, ƙarfinsa ya ƙare, na kifo a kansa. Maigidanki yana ta ihu a bayana kamar an taka masa ƙafa!"

"Ƙarya yake," in ji Lyle, yana dariyar da ta manta yana da ita. "Ni na ce masa ya hau. Da don ta shi ne da har yanzu muna can muna zagaye."

Noreen ta ajiye ludayi. "Ku fa? Sau nawa?"

"Ɗaya tak," in ji Curtis, yana buga ƙirji.

Ta dube shi, ta dubi mijinta, ta dubi Dottie da ke rarrafe wajen takalmin ubanta.

"Ɗaya," in ji ta. "Vern ma ɗaya ne. Gobe akwai tashi?"

"Akwai," in ji Lyle.

"To ku zauna ku ci. Kai Ɗan Tsako, cire hular nan a gidana."